Ranar da wayoyin Zango suka yi shiru saboda Salifu

Shekara shida ke nan da rasuwar Salifu mai gyaran waya, abokina kuma maƙwabcin rumfata a bakin kasuwar Zango, nan Paraku. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni Mumuni ba marubuci ba ne, hannuna ya fi sabawa da kwance waya. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, kwanan baya wata mata a unguwar Albarika tana cikin girki ta buɗe wayarta, sai ta ga hoton mijinta kwance a gefen titi, an rubuta masa Allah ya jiƙansa. Ba wanda ya je ya fara gaya mata. Wanda ya ɗauki hoton kuwa ya san gidan sarai, yana ma wucewa ta ƙofar kullum. Tun da na ji labarin raina yake a ɓace, kuma Salifu nake ta tunawa.

Mutumin Jugu ne, dogo, siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Mai gyara wayar kowa, amma ya kasa gyara tabaransa! Fallen kwano ɗaya ne ya raba rumfata da tasa, har tarinsa nakan ji. Shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarsa a cikin 'ya'yan da ta haifa. Tana can Jugu tana sana'ar man kaɗanya, dukanmu Inna muke ce mata.

Shi ya buɗe mana gurup a waya, mu masu gyara. Da farko ba abin da ake yi a ciki sai neman kaya: wa ke da ekaran, wato gilashin fuska, na waya kaza, wa ke da batiri, ga wata wayar sata tana yawo kada a saya. Sannu a hankali direbobi suka shigo, 'yan kasuwa suka shigo, har da malamai, har mutanen Jugu da Kandi da Kwatano. Sai ya zama a nan ake jin suna, a nan ake jin ɗaurin aure, a nan kuma ake jin mutuwa.

Mu masu gyara muna gane wayar da ta suɓuce daga aljihu da wadda hannu ya saki. Ta farko a kusurwa take tsagewa. Ta biyu rub da ciki take faɗuwa, gilashin ya tarwatse gaba ɗaya. Irin ta biyun wata mai sayar da koko ta kawo wa Salifu, ta ajiye a gabansa. Ya sa sabon ekaran, ya kunna, sai ga hoton ƙanenta ɗan zem, mai haya da babur, a ƙarƙashin babbar mota, yana nan a buɗe inda ta bar shi. Salifu ya kifa wayar, ya ce, "Yaya, kafin ki ga wannan an zo miki?" Ta ce, "Ba wanda ya zo." Ranar bai ƙara taɓa aiki ba.

Da yamma ya saki murya a gurup. Har yanzu ina iya maimaita ta. Ya ce, "Jama'a, salamu alaikum. Daga yau ba a sa mutuwa a nan sai wani ya taka da ƙafarsa ya je ya gaya wa uwa, ko mata, ko miji. Hoton gawa kuwa, ko an gaya musu ban yarda ba. Wanda ya saka zan fitar da shi, ko da shi ya haife ni."

Na yi masa dariya. Na ce kai ba liman ba, ba sarkin Zango ba, da wane rawanin za ka yi wa mutane doka? Ashe da gaske yake. Wani Alhaji mai manyan motoci ne ya fara karyawa, da ɗan wani yaron motarsa ya rasu, Salifu kuwa ya fitar da shi. Alhaji ya zo rumfa yana huci, babbar riga tana sharar ƙasa, yana cewa, "Kai yaro, ni za ka kora?" Salifu ya sauko daga kujera ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Lokacin da uwar yaron nan ta ji saƙonka ba kowa a gidan sai awaki. A ƙasa maƙwabta suka tsince ta." Alhaji ya juya ya tafi. Bayan mako guda aka mai da shi.

Kuma ba doka kawai ya kafa ya koma gefe ba. In aka rasa mai zuwa, shi ke rufe rumfa ya hau moto, wato babur ɗinsa. Yana da yadda yake yi: ba ya shiga gidan kai tsaye, sai ya fara neman wata dattijuwa a maƙwabta ta raka shi, don a sami mai riƙe wadda za a gaya wa. Yakan yi sallama, ya zauna, ya gama gaisuwa, sannan ya faɗa. Nakan ce masa, "Sarkin ƙafa, yau kuma ina aka nufa?" Sai ya ce in kula masa da rumfa in rage surutu.

Ranar da tasa ta zo, da hantsi ne. Ya ce mini ta bayan kwano kansa yana sarawa, in miƙo masa ruwa. Kafin in zagayo ya zame daga kujera. Muka sa shi a taksi zuwa asibiti, ba a kai azahar ba ya cika. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kansa. Matarsa Habiba tana wurin, ita ta ji da kunnenta. Saura Inna, tana can Jugu, kuma rabin mutanen unguwarsu suna cikin gurup ɗin.

Da na fito ƙofar asibiti na tarar da 'yan uwanmu masu gyara sun cika wurin. Ina faɗa musu na ga hannuwa suna nufar aljihu. Ba mugunta ba ce, hannu ne ya saba. Ban san lokacin da na daka tsawa ba, na ce, "Wallahi duk wanda ya taɓa waya, ni da shi har gaban Allah! Inna ba ta ji ba."

Limaminmu, Malam Isa, ya ja ni gefe. Ya ce, "Mumuni, ba a jinkirta gawa. Bayan la'asar za a yi masa salla, kuma dole jama'a su ji." Na ce, "Allah gafarta malam, ban ce a jinkirta ba. Roƙona kada a sa a waya, kada a faɗa a lasifika, har sai na isa." Ya dube ni ya ce, "Ka san ba za ka dawo ka same mu ba?" Na ce na sani. Ya ce, "To tashi ka tafi. Da can ma da baki muke gayya."

Abin da ya faru bayan tafiyata, labari aka ba ni. Masu gyara suka rufe rumfuna suka bazu da ƙafa, Zango, Albarika, kasuwa, tasha, shago shago. Duk wanda aka gaya wa sai a ƙara masa da cewa kada ka taɓa waya, Inna ba ta ji ba. Alhajin nan da aka taɓa kora, shi ya je ya tsaya a bakin tasha cikin rana, yana tare direbobin da za su Jugu ɗaya bayan ɗaya yana ja musu kunne.

Ni kuwa ina kan moto, wayar Salifu tana aljihun ƙirjina, don Habiba ta damƙa mini ita. Inna takan kira shi kullum bayan azahar. Ban yi rabin hanya ba ta fara ruri. Na tsaya gefen titi na ciro, ga hotonta da ya sa, tana dariya da ɗankwali ja. In na ɗauka, muryata kaɗai ta isa ta gane. In na kashe, hankalinta zai tashi ta kira wani. Na mai da ita aljihu na bar ta tana ruri a ƙirjina. Ta katse, ta sake, ta katse, ta sake. Na yi kuka a hanyar nan irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu, ina tuƙi ina share ido da hannun riga.

Da na tsaya shan mai na leƙa gurup. Shiru. Gurup ɗin da ba ya minti guda ba a yi magana ba, ko mai neman batiri babu. Wani mutumin Jugu ne kawai ya rubuto, "Yau lafiya kuwa Paraku?" Ba wanda ya tanka masa.

Na isa Jugu na tarar da ɗakin Inna a kulle. Maƙwabciyarta, Baba Asabe, ta ce ta tafi ƙauyen Seru sayen kaɗanya. Na gaya wa Baba Asabe abin da ke tafe da ni, ta dafe bango ta yi salati, ta shiga ta ɗauko mayafi ba tare da na roƙe ta ba. Muka kama jar hanyar Seru. Muna cikin wani ƙauye na ji ana kiran la'asar, na san a can Paraku an fara jera sahu, kuma ba ni a ciki. Wannan abu yana ci mini rai har gobe, amma ko yau aka sake ba ni zaɓi, moton zan hau.

Muka same ta a Seru, a gindin mangwaro, tsakiyar matan ƙauyen, tana awon kaɗanya. Ta ɗago ta gan ni, ta ga Baba Asabe a bayana, sai ta ajiye kwanon a hankali. Salifu ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. Kullum ta gan ni cewa take yi, "Ina abokinka?" Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar har ƙarshe, ya hanya, ya mutanen Paraku, ya iyali. Sannan ta ce, "Salifu ne?" Ranar na fara jin sunan a bakinta. Na ce, "Shi ne, Inna." Kafin ta kai ƙasa Baba Asabe ta rungume ta, matan nan suka kewaye ta, waɗanda ko Hausa ba sa ji sosai.

Can Inna ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ya sha wuya?" Na ce a'a. Ta ce, "Na yi ta kira." Na ce, "Wayar tana aljihuna, Inna." Ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla da ba ka ɗauka ba." Sai a lokacin na koma gefe na saki murya a gurup, na ce na gaya wa Inna. Saƙonnin ta'aziyya suka yi ta shigowa har wayata ta ɗauki zafi ta mutu.

Da Salifu zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Wayoyin sun fi na lokacinsa kyau, har Seru akwai rezo na kiran waya da wutar sola, kuma na tabbata da ya ji daɗin ganin tsofaffi suna kallon jikokinsu na Kwatano suna magana. Amma yanzu kowa yana cikin gurup goma, ka toshe nan ta ɓulla can. Mutum bai gama shure-shure ba an ɗauke shi bidiyo, an ɗora masa waƙar baƙin ciki, ana rige-rigen wanda zai fara sakawa. Sababbin masu gyara sukan ce mini, "Baba Mumuni, ai labari ba ya jira." Haba! Wa ya ce da labarin ya jira? Da ku ake, ku da ke da yatsu. A gurup ɗinmu dai dokar tana nan, ni ke riƙe da ita yanzu, kuma na fi shi saurin kora. Amma ba zan yi ƙarya ba, sau da yawa kafin mai ƙafa ya isa, waya ta riga shi ta wata ƙofar.

Rumfarsa ta zama wurin sayar da takalma. Habiba ta koma wurin danginta a Gaya ta yi aure, Allah bai ba su haihuwa da shi ba. Abin da ya rage nasa shi ne waɗansu mutane a Paraku da Jugu waɗanda har yanzu in sun ji mutuwa sukan fara tambaya, "An gaya wa uwar?" Ba su da yawa, amma suna nan. Allah ya jiƙan Salifu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa tafiye-tafiyen nan da ya yi su tsaya masa.

Inna tana raye, ta tsufa, idon ya yi rauni, ta bar zuwa Seru. Da babbar sallar da ta wuce na je gaishe ta. Muna zaune a ƙofar ɗakinta sai ta ce, "Mumuni, ranar da tawa ta zo kada ka wahalar da kowa. Ku sa a wayar kawai. Ba ni da wanda za a taka a je wa." Na ce, "Inna, ni fa?" Sai ta laluba ta kama hannuna ta riƙe.

Da na dawo Paraku na saki murya a gurup. Na ce ranar da Inna ta rasu kada wanda ya kira ni, kada wanda ya rubuto mini. Mutumin Jugu ya taso ya zo rumfata, ya yi sallama, ya zauna, mu gaisa, sannan ya faɗa mini. Wani direban taksi da ke bin hanyar kullum ya amsa ya ce, "Ni zan zo, in Allah ya yarda." Tun daga ranar, duk lokacin da na hango motarsa ta tsaya a bakin kasuwa sai in ajiye abin da ke hannuna, in zuba ido in ga ko wajena zai nufo.