Batirin Yaya Sabi'u

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar yayana Sabi'u, mai gyaran wuta a nan Sabo, Ibadan. Mutum ne mai rowar magana, har Hajiyarmu kan ce gaisuwa ma sai an roƙe shi. Shi ya fara ɗora farantan sola a rufin gidanmu, ya haɗa su da batura biyu a ƙarƙashin matakala, maƙwabta na yi masa dariya.

Da zai leƙo yau, da ya ga masu dariyar sun bi sahunsa. Kuɗin wuta ya yi tashin da duk mai hali ya sayi batir ya sallami mita. Ban jin zai yi murna. Yakan ce idan masu kuɗi suka fice daga layi, nauyin gyaran turaku da wayoyi kan marasa ƙarfi zai koma. Jinsa kawai nake yi, ni da albasa nake sayarwa a kasuwar Shasha.

Bayan sadakar bakwai abin ya fara. Da rana tsaka, komai a kashe, sai injin batirin ya ɗauki gurnani, allonsa ya nuna ana jan wuta. Jim kaɗan ya yi shiru. Can kuma ya sake, kamar numfashin mai barci. Na bi ɗaki-ɗaki na zare duk abin da ke jone. Ɗakin marigayin a kulle yake, makullin yana aljihuna. Na kira wani mai gyara daga unguwar Mokola, ya duba ya sake dubawa, sannan ya tattara kayansa.

"Oga, lodi akwai, amma ba a gidan nan yake ba. Ni dai ba ruwana o."

Hajiya ta daina bi ta matakalar. Ta sa aka yi saukar Alƙur'ani, aka yayyafa ruwan addu'a a lungun. Ba zan ɓoye ba, ni ma tsoro ya shige ni, har nakan yi sallama kafin in wuce wurin. Ranar arba'in na yi ta maza na janye baturan, sai ga wata siririyar waya ta shige bango, an shafe bakinta da siminti. Ban tsaya bin ta ba. Na sa filaya na datse, ban gaya wa kowa ba. Gidan ya yi tsit, Hajiya ta yi hamdala.

Bayan sati uku aka kwashi Iya Talatu zuwa asibiti, tsohuwa mai ƙuliƙuli da ke bayan katangarmu, ba ɗa ba jika a garin. Ciwon suga gare ta, allurarta kuwa sai a firji. Da na je dubiya na ji sauran. Tun da kuɗin wuta ya fi ƙarfinta aka yanke mata, Yaya ya huda bango ya ja mata tasa, shekara biyu ba wanda ya sani, tunda shi kaɗai ke leƙa baturan. Ƙaramin firjinta muke ji yana tashi yana kwanciya. Da na datse wayar firjin ya mutu, zafi ya lalata allurar, ita kuma ta ci gaba da yi.

Na ce, "Iya, me ya hana ki aiko?"

"Haba ɗan nan, in shiga gidan makoki in ce ina wutata? Na ɗauka tasa ce ta bi shi. Har mamaki na yi da ta kai arba'in."

Na fito da niyyar mayar da wayar ranar da aka sallame ta. Ba a sallame ta ba.

Baturan nan sun daɗe da mutuwa, mun canza wasu. Abin da ya rage mini na Yaya shi ne sanin cewa alherinsa ya fi shi tsawon kwana, kuma hannuna ne ya katse shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Iya Talatu. Hajiya kuwa har yau na kasa gaya mata. Tana nan tana ba baƙi labarin yadda addu'a ta kori abin da ya shigo mana gida.