Na Je Kano Jan Kunnen Ishaku

Asabar: Saminaka zuwa Kano

Ƙarfe biyar na asuba na fita daga gida a Saminaka, da Littafi Mai Tsarki a jaka da ƙullin acca da fushi cike da ciki. Ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma ni na kawo dokar nan cewa duk matar da ba a gani a sujadar Lahadi ba, ranar Litinin da yamma mu je ƙofar gidanta mu yi ta waƙa har sai ta fito ta faɗi dalili. To ga autana Ishaku yana aikin kamfani a Kano, duk safiyar Lahadi na kira wayarsa a kashe, kuma shi da bakinsa ya taɓa ce mini injin ba ya sanin Lahadi. Abin ya hana ni barci. Yaron da na goya zuwa addu'ar safe tun bai yi haƙori ba, a ce albashi ya shiga gaban Allah?

Maigidana ya raka ni tasha yana hamma. Ya ce, "Rifkatu, ki bari sai Litinin mana." Na ce a'a, yau zan kamo shi, gobe in tasa shi gaba har coci. Ban gaya wa yaron ina zuwa ba.

Kafin direba ya tayar da mota na ce a tsaya a yi addu'a. Ya ce, "Mama, mun yi tamu tun asuba, amma ku yi, a taƙaita." Ban taƙaita ba. A dajin Falgore sojoji suka tsayar da mu, ɗaya ya matsa ƙullin accata ya ce mene ne, na ce maganin yaro marar ji ne. A Kwanar Ɗangora na ci ƙosai na ɗari uku, mai ya fi wake yawa. Wajen sha ɗaya muka sauka a Unguwa Uku.

Bompai da Sharaɗa

Mai a-daidaita-sahu ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa Bompai. Na ce masa kai ni kawai zai yi, ba sayar mini da keken ba. Muka daidaita a dubu. Kamfanin alewa ne inda na san Ishaku yake, ƙamshin sukari har titi. Maigadi ya ce, "Ishaku dogo? Ai tun bara ya koma Sharaɗa, kamfanin roba." Tun bara, jama'a, kuma kullum a waya sai "Lafiya lau, Mama."

Daga Bompai zuwa Sharaɗa sai da muka ratsa gari, manyan motoci suka tsare mu kusan awa guda. A Sharaɗa kamfanonin roba ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Na bi ƙofa ƙofa ina kwatanta ɗana da tabon goshinsa har la'asar. Wata mai sayar wa ma'aikata shinkafa da wake ce ta gane shi. Ta ce, "Mai waƙar coci? Ya koma Challawa, wajen masu jimar fata. Amma kafin ku kai an tashi, Mama." Na ji daɗin "waƙar coci" ɗin nan, amma ban sauko ba, don ko mashayi yana waƙar coci.

Na kwana a Dakata wajen Talatu, ƙanwar maigidana. Ta yi mini tuwon shinkafa da miyar taushe, motocin kaya kuma suka yi ta girgiza gadon har gari ya waye.

Lahadi: Challawa

Da safe Talatu ta shirya ta ce, "Yaya, mu fara zuwa sujada, sai mu je tare." Na ce idan na jira an tashi, ta ina zan kama shi hannu dumu-dumu a kan injin? Na ɗaura zanen zumunta, na rungumi Littafi, na fita ƙarfe bakwai. Keke biyu na canza, ta Sharaɗa zuwa hanyar Panshekara. Challawa ba sai an ce maka ka iso ba, hancinka zai gaya maka. Warin jima ya shiga ɗankwalina har yau bai gama fita ba.

Sai a kamfani na uku maigadi ya ce a nan Ishaku yake. Ya ba ni benci ya aika a kira shugaban aikinsu. Na zauna ina jera maganganun da zan yi, ina jin injin yana ruri a ciki. Can sai ga wani dattijo mai furfura a gemu, da takalmin roba har gwiwa. Malam Habu sunansa, mutumin Ringim.

Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ku fito mini da ɗana. Yau ranar Ubangiji ce, ba ranar fata ba."

Ya ce, "Ishaku? Ai yana coci, Mama. Ni ne a kan injinsa."

Na ce wace coci? Ya ce wata ƙarama a Panshekara. Ya zauna a bakin benci ya warware mini. Ran Juma'a su duka suna tafiya masallaci, Ishaku ya riƙe musu injin. Ran Lahadi da safe shi Malam Habu yake karɓar na Ishaku.

Ya ce, "Da farko fa ya so ya yi mini wayo. Satin farko na aika yaro ɗakinsa, aka tarar yana sharar barci. Na ce masa, kai Ishaku, ban tsaya a cikin warin nan don ka yi minshari ba. Ko coci ko injin, zaɓi ɗaya. Yanzu in ya dawo sai ya faɗa mini abin da fastonsu ya yi wa'azi a kai, in ya yi inda-inda na san bai je ba."

Faɗan da na ɗauko tun daga Saminaka, ashe wani ya riga ya yi mini shi, har ya fi ni iyawa. Wayar da nake samu a kashe kuwa, a coci ake kashe ta. Hawaye suka zo mini, na yi ta yi masa godiya. Sai ya dubi zanena, ya dubi Littafin, ya ce, "To ku Mama, har an taso daga taku cocin?"

Na ce rana ta yi zafi yau. Ya ce ƙwarai kuwa.

Na miƙe zan nemi keke zuwa Panshekara ko na sami addu'ar rufewa, sai ga Ishaku ya sauko daga babur da farar riga. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kama kunnen dai, tunda don shi na zo, amma ban ja ba. Na ce sai ƙarfe nawa sujada ta biyu? Ya ce guda ɗaya ake yi, duk ma'aikata ne. Ya juya ya ba Malam Habu rahotonsa: wa'azin yau a kan Marta ne, wadda hidima ta sha mata kai, ƙanwarta Maryamu kuwa ta zauna tana sauraron Yesu. Yana faɗa yana satar kallona. Na ce ya kiyaye ni.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bakin ƙofar kamfanin muka yi addu'a, Malam Habu ya ara mana tabarma. Ishaku ne ya jagoranta. Ban taɓa jin ya yi addu'a da muryar babban mutum ba sai ranar, kuma gaskiya ban iya cewa amin da ƙarfi ba don kuka. Accar na raba ta biyu, rabi nasa rabi na Malam Habu.

Litinin: komawa gida

Na sake kwana wajen Talatu, wadda ta yi ta tambayata ko na kama ɓarawon. Ƙarfe tara motarmu ta tashi daga Unguwa Uku, taya ta fashe a Tudun Wada, sai bayan la'asar na shiga gida. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Talatu da mai shinkafar Sharaɗa, Malam Habu kuwa Allah ya saka masa da alheri.

Ko ɗankwali ban cire ba na ji kiɗan tulu a ƙofar gida. Matan zumunta ne, sun cika layi, suna rera waƙar da ni na koya musu. Ashe Talatu ta kira yayanta, shi kuma bai ɓoye wa kowa ba. Maigidana ya leƙo ɗaki yana danne dariya ya ce, "Shugaba, fito ki faɗi dalili."