Ragon Layya a Kan Rufin Nasara

A gyara zama, a kore akuya daga hanya, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu! Ga Alƙasim ɗan Manu na Tabotaki, gardin gardawa, uban masu gadi, dogo mai sandar da ba ta taɓa dukan kowa ba. Daga Madawa har Keita, a bi ƙauye-ƙauye a tambaya, shi kaɗai ne ya taɓa kallon sanƙon ungulu daga sama. Alhazai sun shiga jirgi, ba a musa ba, amma nasu sai ya sheƙa da gudu kamar zabo kafin ya tashi. Na kawuna Alƙasim kuwa daga tsaye ya ɗaga.

In ka gan shi yau ba za ka ce shi ne ba. Yana nan gindin bagaruwar ƙofar gidansa yana tufkar igiya, da hular da ta girmi 'ya'yansa duka. Amma labarin gaskiya ne, kuma waɗanda aka yi abin a kansu suna nan da ransu.

A Tabotaki aka haife shi, ya tashi da hauya a kafaɗa kamar kowa. Da ya auri Lantana sai ya bi sahun mazan Adar: da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai a rataya jaka a tafi biɗa bakin teku, ba a dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A Abijan ya tura amalanke, ya yi tallar tsire, ya ɗauki kaya a tasha har wuyansa ya nemi shigewa cikin ƙirji. Daga baya wani Nasara mai aikin kamfanin katako ya gan shi, ya ga tsawo, ya ga fuskar da ba ta san dariya ba, ya ɗauke shi gadin gidansa a unguwar Kokodi. Patoro suke ce wa maigidan, matarsa kuma Madam.

Aikin ya zo a kan gaɓa, domin lokacin ne babban farin nan ya cinye Adar. Gero ya ƙi, shanu suka kwanta. Abin da Alƙasim ke aikowa shi ne tuwon Lantana da yara, shi ne na tsohuwarsa, shi ne na gidan ƙanensa. In aikin nan ya kuɓuce, gida uku ne za su kwana da yunwa. Doka ɗaya kuwa patoro ya kafa masa tun ranar farko: baƙo ba ya wuce ƙofa. Gardin da ya riga shi an kore shi ne don ya kwantar da wansa a ɗakin gadi.

To amma a Adar akwai abin da ba a yi. Mutumin garinku ba ya saukowa daga mota a baƙon gari ya yi maka sallama ka ce masa ba wuri. In ka yi haka labari zai riga ka isa gida, kuma uwarka ce za ta sha kunyar a bakin rijiya.

Mati ne ya fara zuwa, abokin wasansa tun suna kiwon awaki, gajere mai baki kamar reza. Ya tsaya ƙofar gida da tabarmarsa a hammata.

"Dogo, mun iso. Ina ɗakin da kake cika muna baki da shi?"

"Mati, wanga gida ba a shiga."

"To in koma in ce ma Inna mi?"

Alƙasim ya dubi ƙasa, ya dubi sama. Da ya dubi saman ne shawara ta zo masa. Rufin gidan na siminti ne, a shimfiɗe kamar faƙo, da ɗan bango kewaye da shi, ga tsanin ƙarfe ta bayan gida da ake hawa a duba tankin ruwa. Patoro bai taɓa hawa ba, tumbinsa ma ba zai bar shi ba. A Tabotaki kuwa kan soro wurin shanya ne, a baza kuɓewa, a baza tattasai, kuma babu mai ganinsa sai Allah sai tsuntsu. Alƙasim ya ɗauka haka abin yake a ko'ina cikin duniya.

"Hau bisa," ya ce. "Amma kada in ji ko tarinka."

Mati ya hau. Bayan Mati, Hamani wanzami ya zo. Bayan Hamani, Inuwa da ƙannensa. Kowa ya sauko daga mota sai a ce masa nemi Dogo a Kokodi. Kafin a ce me, rufin ya zama unguwa: ga tabarmi, ga butoci, ga igiyar shanya, ga murhun shayi. Su sauka kafin masu gida su tashi, su bazu cikin gari neman abinci, su dawo bayan an rufe tagogi. Da Babbar Salla ta ƙarato sai suka haɗu suka sayi rago, fari mai baƙin kai, suka jawo shi sama da igiya yana harbin iska. Alƙasim ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Mati ya ce, "Kai dai bari. Garin duk kukan raguna ne, wa zai san namu?" Madam dai ta fara ƙorafin wai wani rago na hana ta barcin rana, tana zargin maƙwabta.

Ranar wata Lahadi da hantsi patoro ya fito da gajeren wando da na'urar ɗaukar hoto a wuya, ya ce Alƙasim ya shiga mota. Bai kawo komai a ransa ba, don sukan tafi da shi bakin teku ya yi gadin mota su kuma su je su gasa jikinsu a rana. Lahadi kuma ita ce ranar hutun mutanen bisa, ranar wanki da aski. Ya ma ji daɗi, yau za su sake.

Sai ya ga mota ta wuce hanyar da ya sani, ta shiga filin jirgi. Can gefe ga wani abu kamar babban mazari, da fuka-fukai a ka. Jirgi mai saukar ungulu ne, patoro ya yi hayarsa don ya faranta wa Madam, su zaga birni su gan shi ta sama. Abokin da za su tafi tare ciwon ciki ya kwantar da shi, kujera ta rage, patoro kuma ranar yana cikin nishaɗi.

"Shiga, Alƙasim! Ka samu abin faɗa a ƙauyenku."

"Patoro, mota fa?"

"Ba mai satar mota a nan. Shiga!"

Ya shiga, ya naɗe ƙafafunsa har gwiwa na taɓa haɓa, aka ɗaure shi da ɗamara kamar dami. Abin ya ɗauki ƙara, ƙasa ta sulale ta bar su. Ya karanta duk abin da ya sani, da wanda ya sani rabi. Da ya ga bai mutu ba sai ya ɗan leƙa. Ga babbar gada, motoci na bin ta kamar tururuwa. Ga ruwan da ya ratsa birnin yana ƙyalli. Ga ungulaye can ƙasa da su suna shawagi. Har ya fara cewa a ransa ashe abin da daɗi.

Nan ne patoro ya juyo, ya ɗaga na'urar hoto, ya yi ihu don ya rinjayi ƙarar jirgi.

"Yanzu za mu je gidanmu! Zan ɗauke shi ta sama in aika wa 'yan'uwa!"

Alƙasim ya dafe kai. Ya ce a ransa, ashe ba Allah da tsuntsu kaɗai ke ganin kan soro ba, har da Nasara in ya yi haya. Ya tuna Lantana, ya tuna tsohuwa, ya tuna rumbun da ko ɓera ya daina shiga. Ya dubi ƙofar jirgi, ya ga ba wurin sauka.

Gidajen layinsu kamfani ɗaya ya gina su, farare, iri ɗaya sak kamar ƙwan kaza ɗaya, kowanne da tankinsa da 'yan itatuwansa. Ta ƙasa kowa ya san nasa. Ta sama kuwa Alƙasim tun daga nesa ya gane nasu, don shi kaɗai ne ke da tutoci. Wanduna, riguna, rawani, duk suna kaɗawa. Da jirgi ya yi ƙasa-ƙasa sai komai ya fito fili. Ga Hamani ya kama kan wani yana aski, ya bar shi rabi. Ga Inuwa tsugune gaban murhu da ɗan buta a hannu. Ga tattasai an baza ja wur. Ga rago ɗaure jikin tanki yana zagaye. Ga Mati, Allah ya shirye shi, ya cire taguwarsa yana ɗaga wa jirgi da hannu biyu, haƙora duk a waje. Iskar jirgi ta ɗauki wata tabarma ta yi lambu da ita.

Madam ce ta fara gani. Ta ƙwala ihu tana nuni.

"Ga shi can! Ga ragon da ke hana ni barci!"

Patoro ya leƙa. Ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar. Alƙasim yana kallon ƙeyarsa tana yin ja, yana jiran a juyo a ce masa ya tattara nasa ya nasa. Sai ya ga kafaɗun mutumin suna rawa. Dariya yake yi, har yana dukan cinyarsa.

"Dubi gidan maƙwabcina! Kasuwa guda a kansa bai sani ba! Shi da yake ce min ban iya riƙon ma'aikata ba!"

Ashe ko a mafarki patoro ba zai yarda rufinsa ne wannan ba. Tunda dai ya kafa doka, to nasa shi ne na kusa, wanda ke fes babu ko tsinke. Ya saita na'urarsa a kan gidan maƙwabci ya yi ta ɗauka, matuƙi na zagaya masa. Sannan ya juyo.

"Alƙasim! Wancan mai tsabtar ne namu, ko ba haka ba?"

To, Alƙasim mutum ne da ba ya ƙarya, a nan ne ma ya bambanta da sauran danginmu. Gaskiya kuma a wannan wuri gida uku za ta rushe. Sai ya runtse idanunsa gam, ya damƙe kujera.

"Patoro, ni ban ganin komi."

Kuma a daidai lokacin ba ya gani ɗin. Patoro ya ƙara fashewa da dariya, ya ce wa Madam dubi ƙaton nan, tsoro ya kama shi.

Bai buɗe ido ba sai da ya ji jirgi ya miƙe ya bar unguwar. Da ya buɗe, babu gida ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Teku ce, shuɗiya, ta tafi har inda ta haɗe da sama. Manyan jiragen ruwa a kanta kamar ƙorai, bakinta kuma fari fat da kumfa, ga itatuwan kwakwa a jere, ga birnin can baya ya yi ɗan mitsitsi. Ya saki kujera. Ya ce alhamdu lillahi a fili, ba wanda ya ji saboda ƙara.

Saura abu ɗaya. A mota suna komawa Madam ta ce dole a gaya wa maƙwabci. Alƙasim ya hango sabuwar rigima, don gardin can wani dattijo ne ɗan ƙabilar Moshi, mutumin kirki da za a ɗora wa laifi, kuma da an hau nasu rufin ba a ga kowa ba, za a waiwayo kan nasu gidan. Amma patoro da maƙwabcin ba sa ga maciji tun wata rigima a kan kare.

"Ba mai gaya masa," ya ce. "Bar shi su ci Salla a kansa. Kai ma, Alƙasim, kada in ji ka faɗa wa gardinsu."

"Wi, patoro," ya amsa, wato to.

Tun da aka haife shi bai taɓa karɓar umarni da daɗin rai haka ba.

Da masu gida suka kwanta barcin rana ya hau tsani. Mati ya tarbe shi da zumuɗi.

"Dogo, ka yi asara! Jirgi ya zo nan bisa kanmu, har muna ganin na ciki. Nasara biyu, da wani baƙin mutum ya matse ido kamar an ba shi maɗaci. Na ce wanga ko uwatai ba ta son ganin huskatai yau."

"Ni ne."

"Kai wa?"

"Ni ne, Mati. Kwance ragon ga."

Hamani ya tsaya da aska a hannu. Inuwa ya ce, "To ina za mu tahi?"

Bai watsar da su a titi ba, ai da ya ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ya je unguwar Ajame wurin wani mai sayar da goro, mutumin garin Buza na can Adar, ya roƙa musu zaure da bayan gida. Kafin la'asar an sauko da rago, yana harbin iska kamar yadda ya hau. Can suka ci Sallarsu, har aka aiko masa da cinya.

Hoton ya fito da kyau. Patoro ya sa shi a gilashi ya rataya a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa gidansa ta sama. Alƙasim ya ƙara shekaru a aikin, har Adar ta farfaɗo, rumbuna suka cika, patoro ya koma ƙasarsu da hoton gidan maƙwabcinsa a cikin akwati. Shi kuma ya dawo Tabotaki, ya sayi shanun huɗa, ya aurar da 'ya'ya, bai ƙara marmarin bakin teku ba.

Duk wannan daga bakin Mati da Hamani na tsinto shi, don shi mai labarin sai ka yi da gaske yake ba ka kalma biyu. Shekaranjiya na same shi gindin bagaruwa, na tsuguna, na zuba masa kirarin nan da kuka ji tun daga farko har ƙarshe. Sannan na ce, "Kawu, don Allah gaya min da bakinka. Kai da ka ga teku ta sama, abin da ko sarki bai gani ba, yaya take?"

Bai ɗago ba. Ya tofa yawu a tafinsa ya ci gaba da murza kaba.

"Ruwa ne. Ko jaki bai shan shi. Matsa, ka tare min haske."