Gwaggo Itto da Murhun da Aka Tura Kusurwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah ya karɓi ran Gwaggo Itto, ƙanwar mahaifina, a gidanta na Timahdit, bayan ciwon ƙirjin da ta daɗe tana ɓoye mana. An binne ta bayan azahar, dusar ƙanƙara ta kusa kai gwiwa.

Gwaggo, na so in rubuta miki kalmomi masu laushi. Abin da idona ya gani a zaman makokinki ya hana ni.

Duk ƙauyen nan ya san tabon da ke damtsenki, wanda kika samu kina budurwa, ranar da kika fizgo jaririn maƙwabta daga ɗakin da murhu ya cinna wa wuta. Tun daga lokacin, duk shekara idan sanyi ya gabato aka fito da murhun ƙarfe ana haɗa bututun hayaƙi, sai ki ɗaura mayafi ki bi gida gida, ba mai gayyatarki. Ɗakunanmu ƙanana ne, rabin bangon katako, kowa yana so ya manna murhu a kusurwa don ya samu wurin shimfiɗa. Ke kuma gwajinki ɗaya ne. A hura wuta ta kama sosai, mai gida ya ɗora tafin hannunsa a bangon da ke bayan murhun, ya karanta Fatiha a tsanake. Idan zafi ya sa ya janye hannu kafin amin, murhu ya yi kusa.

Maza suna yi miki dariya. Su ce, "Ga limamiyar bango ta iso." Ki ce, "Ɗora hannu tukuna, sarkin baki."

Ranar da na tare a gidan mijina, kafin a shigo da akwatina kin riga kin sa an ja murhun baya, kin shimfiɗa faifan dutse a ƙarƙashinsa. Da aka ce ɗakin Yamna, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ya yi matsi da yawa, tiren gashin gurasarki kika ɗauko kika kafa mata a bango, kika bar 'yar tazara a bayansa don iska ta riƙa wucewa. Lokacin sanyin nan gaba ɗaya da tiren aro kika yi gashi.

To, ki ji abin da ɗanki Bassu ya yi. Washegarin binne ki, baƙi suka cika gida, har da surukansa daga Meknas. Wurin zama ya yi kaɗan. Sai ya sa aka ɗaga murhunki daga kan faifan dutsensa a tsakiyar ɗaki, inda kika ajiye shi shekara da shekaru, aka tura shi kusurwa har yana shafar katako. Fallen kwanon da kika kafa a bango don kare katako daga zafi ya ɓamɓare shi, wai ya yi baƙi, abin kunya ne gaban mutanen birni. A gurbinsa ya rataya dardumar ulu. Ulu, Gwaggo! A bayan murhu!

Na shigo da kwanon kuskus na tarar da dattawa a jere, kofunan shayi a hannu, suna yabonki. Wannan ya ce ke kika tsare gidansa daga gobara, wancan ya ce ba za a sake irinki ba. Ɗakin yana warin ƙonannen gashi, babu wanda ya ko motsa hanci. A gefen murhun kuma ga mijinki, Baba Haddu, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, a kan katifar da zai ci gaba da kwana a kai shi kaɗai har sanyi ya wuce. Na karanta littattafai da yawa a kan munafunci, ban taɓa jin warinsa ba sai ranar.

Na ce, "Bassu, wa ya taɓa murhun nan?"

Ya ce, "Haba Yaya, a gaban baƙi? Kwana biyu ne kawai, idan an watse a mayar."

"Ku da kuka kasa mayar da tsanin maƙwabta tun bara?"

Surukinsa ya yi gyaran murya, ya ce komai ƙaddara ne, a bar mata su yi kukansu a ɗakin girki.

Na ajiye kwanon. Na yaye dardumar, bayanta ya riga ya yi ja kamar ɓawon gurasa. Na ce, "Ba rigima na zo yi ba. Addu'a nake so ka yi wa mahaifiyarka. Ɗora hannunka nan, ka karanta mata Fatiha."

Ya dubi baƙi, ya yi murmushin yaƙe, ya ɗora. Bai kai aya ta uku ba ya fizge hannu yana yarfewa. Baba Haddu, wanda tun rasuwarki bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ba ka kai amin ba."

Aka kashe wutar. Surukan Meknas suka sha shayinsu cikin riguna masu kauri suna rawar ɗari, ban ji tausayin ko ɗaya ba. Da ƙarfen ya huce, Bassu da kansa ya ja murhun ya mayar kan dutsensa, ya ɗauko fallen kwanon daga bayan garken tumaki ya sake kafawa. Da yamma aka sake hurawa, ya ɗora hannu, ya karanta har ƙarshe, hawaye na zuba. Cikin duk addu'o'in da aka yi a gidan nan, wannan ce kaɗai na san za ki amince da ita.

Allah ya gafarta miki, Gwaggo Itto, ya sanyaya makwancinki, ya nisanta ki da wuta kamar yadda kika nisanta ta daga 'ya'yan mutane. Allah ya ba Baba Haddu haƙuri da lafiya, ya ba Bassu da ƙannensa da mu duka juriyar wannan rashi, ya kuma ba mu hankalin da ya fi yabo amfani. Amin.