Karayar Baffa Buba

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mini Baffa Buba ba, lokacin ina shugabantar wani ƙaramin asibiti a yankin Babban Mutum. An gama girbi, Fulani na shirin gangarawa kudu da shanu. Dattijo ne siriri, saniya ta taka masa ƙafar dama a bakin rijiya. Wanda ya ɗauko shi a babur ɗansa ne, Hammadi, magidanci mai 'ya'ya.

Ku da kuke sababbi a aikin asibiti, ku riƙe wannan. Kumburi ba ya raba targaɗe da karaya, duka biyun suna kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mu da ba mu da na'urar hoton ƙashi, abu biyu muke yi. Mukan sa mutum ya taka ƙafar mu gani, sannan mu bi ƙashi da ɗan yatsa muna dannawa: bayan idon sawu ciki da waje, da ƙashin gefen ƙafa da ke bin ƙaramin yatsa. In zafin a nama yake, ƙasan idon sawu, galibi jijiya ce ta ja, bandeji da hutu sun isa. In a kan ƙashi yake, sai a tura Daura a ɗauki hoto.

Na ce, "Baffa, taka mu gani."

Ya miƙe ya je bakin ƙofa ya dawo kamar mai zuwa masallaci. Na durƙusa na danna nan, na danna can.

"Da zafi?"

"Babu, Likita. Ka ɗaure mini kawai. Shanu na jira na."

Abin da ke ransa ke nan. In targaɗe ne, zai bi garkensa kamar kowace shekara. In karaya ce, a bar shi a ruga tare da mata da tsofaffi, abin da bai taɓa faruwa da shi ba.

Ina cikin warware bandeji Hammadi ya yafuto ni waje. Kansa a sunkuye ya ce, "Likita, ni ne ɗan farinsa. Ko sunana ba ya faɗa, balle ya ce wayyo a gabana. Amma tun shekaranjiya nake bin bayansa ina duba sawunsa a rairayi. Ba ya aza gefen ƙafar."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Mutum ya kwana biyu yana karanta ciwon ubansa a ƙasa, don kunya ta hana shi tambaya.

Na ce ya tsaya can gindin darbejiya. Na koma na tura ƙofa, na ce, "To Baffa, yanzu daga ni sai kai sai Allah. Ni kuwa bakina ba ya yawo." Na ɗora yatsa a kan ƙashin gefen nan na danna. Bai yi ƙara ba. Amma ya damƙi bakin benci, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can ya ce a hankali, "Nan kam akwai magana."

Na rubuta musu takardar zuwa Daura. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, aka sa masa filasta. Da ya bi shanun nan a haka, Allah kaɗai ya san da wace ƙafa zai dawo.

Washegari suka biyo ta wurina in ga hoton. Baffa ya zauna, ƙafa fara fat a miƙe, Hammadi na tsaye a bakin ƙofa. Dattijon ya daɗe yana shafa sandar kiwonsa, wadda ta yi sulɓi don daɗewa a hannu. Sai ya miƙo mini ita, yana kallon bango.

"Likita, ka ba wancan. Ka ce masa jar saniyar nan ba a kora ta, kiranta ake yi. Kuma kada ya riƙa tafiya da rana tsaka, shi ma ya huta."

Tsakaninsu bai fi tabarma guda ba, amma na karɓi sandar na kai masa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, idonsa ya ciko.

"Likita, ka ce masa na ji. Ka ce masa kada ya cire filastar sai ranar da ka ce, ya kuma huta har in dawo."

Na juya na faɗa wa Baffa, kamar bai ji ba. Ya gyaɗa kai.

Tun daga ranar, kafin in tambayi majinyaci ko da zafi, sai na duba wanda ke tsaye a ɗakin. Mutanenmu suna jin ciwo kamar kowa, suna kuma ƙaunar junansu, sai dai wani lokaci duka biyun sai an sami na uku kafin su fito.