Damben Sabuwa da Inna Ba Ta Gani Ba

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da Allah Ya karɓi ran Inna a Faskari. Ni ba gwanar rubutu a jarida ba ce, idanun ma sun gaji. Jikana ne ya tayar mani da zancen, da ya miƙo mani waya makon jiya wai in kalli dambe. Na duba, ga samari biyu a fili, ga wata lamba a ƙasa tana ta hawa. Ya ce yawan masu kallo ke nan. Ya ce wani kamfani ne ya sayi izinin nunawa, kuma in ka biya sai ka yi ta maimaitawa har ka ƙoshi. Na mayar mashi da wayarsa. Shi a zatonsa damben ne ba na so.

Mu mahauta ne, dambe a gidanmu gado ne. Yayana Lawal shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce mani "yayanki". In ya dawo daga fili da kumburarriyar fuska, za ta dafa ruwa ta aje a tsakar gida, ta ce da ni, "Ki gaya wa yayanki ruwa na hucewa." Ba ta taɓa leƙa filin dambe ba, ba ta taɓa tambayar wa ya kayar da wa ba. Mata su shigo yi mata barka, ta ce wahalar banza ce, ta ci gaba da surfenta.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya ga kamar an gama wahala. Alhaji Sule mai sayen auduga ya kawo talabijin garinmu, da injin ba da wuta, da eriya a kan wani dogon ƙarfe da ya fi rimin unguwa fitowa. Tashar ba ta buɗewa sai bayan La'asar. Maza su baje tabarmi a gaba, mu mata mu taru ta bayan dangar zana, wadda matarsa Hajiya Kulu ta sa aka rage wa tsawo saboda mu. Doka ɗaya Alhaji ya kafa: da ladan ya ɗaga murya, a kashe inji sai an idar da salla. Ina da aure a lokacin, gidana kusa, ban cika fashi ba. Inna kuwa ko sau ɗaya. Ta ce ita ba ta da lokacin zama kallon akwati.

To a kakar wata shekara, bayan an shigo da dawa, aka yi babban dambe a garin Sabuwa, mutanen gidan talabijin suka zo da motarsu suka ɗauka. Yaya ya kayar da wani ƙato daga Kankara a turmi na biyu. Suka ce mashi ranar Asabar za a nuna, cikin shirin wasannin gargajiya, da an buɗe tasha.

Ranar Asabar sai ga Inna a gidan Alhaji da wankakken mayafi, wai ta zo aron rariya. Rariya fa! Muna da ita a gida, har da wadda ba a taɓa sa wa gari ba. Hajiya Kulu ba ta ko murmusa ba, Allah Ya jiƙanta. Ta ɗauko rariya ta ba ta, ta jawo kujera daidai inda zanar ta fi gajarta, ta ce, "Inna, ki ɗan huta tukuna, rana ta yi sanyi." Inna ta zauna. Aka buɗe tasha, sai ga manya da manyan riguna suna buɗe wani gini, jawabi bayan jawabi, har ladan ya kira.

Washegari ta mayar da rariya, don ta samu abin ara wata Asabar. Asabar ɗin kuma ƙwallo aka sa, daga wata ƙasa can. Wai an saye ta da tsada, ba a sa ta jira. Ta bayanta, kokawar Turawa, ƙattai da gashi har kafaɗa suna jifar juna da kujeru. Inna ta zauna ta kalli wannan shirmen duka, rariya a cinya. Daga baya muka ji cewa an yi tambaya a birni, mutanen birni sun ce kokawar suka fi so, masu tallan sabulu ma ita suke so. Ba wanda ya zo Faskari ko Tafoki ya tambaye mu. Mu da muke cika ƙofar gida fal a kan akwati ɗaya, ba mu cikin masu kallo.

Sai aka ture wasannin gargajiya zuwa ɗan gurbin da ba mai so, gab da labarai. Duk wanda ya tsara haka, ko dai bai san lokacin Magariba ba, ko ya sani sarai. Har yau ban yanke wanne ya fi ɓata mani rai ba.

Ranar da aka sa damben Yaya, rana ta yi ja. Mai sanarwa ya ce ga dambe daga Sabuwa. Wuri ya ɗauki sowa. Ga makaɗa, ga taro, ga Yaya can ya ba mu baya, ana ɗaure mashi hannu. Na ji Inna ta gyara zama. Kafin ya juyo, ladan ya ce Allahu Akbar.

Wallahi Alhaji bai yi gaggawa ba. Na hango shi ya dubi Yaya, wanda ke zaune cikin maza. Yaya ya sunkuyar da kai, don ba ya iya roƙa wa kansa a gaban dattawa. Hajiya Kulu ta matso ta ce a hankali, "Inna, in aika a ce wa Alhaji a ɗan dakata? Ko alwala ba a gama ba."

Inna ta ce, "Ni mi na sani a ciki? Rariya na zo aro."

Ta miƙe ta nemi buta. Inji ya mutu. Da aka idar aka tayar da shi, wani mutum ne da tabarau yake karanta labarai. Na yi fushi da ita ranar, fushi sosai, har na ƙi raka ta gida. Kalma ɗaya ce fa, Inna! Amma da ta faɗe ta, da dukan matan unguwa sun ji ta nuna ɗan farinta nata ne, ita kuwa ba a haka aka rene ta ba.

Ba a sake nunawa ba. Da wani direban garinmu ya je ya tambaya, aka ce mashi an ɗora wani shiri a kan faifan, haka ake yi, faifai ba ya zama. Yaya ya ƙara ƴan shekaru yana dambe, kafaɗa ta gurɗe, ya koma kan teburin nama. Inna ba ta sake taka gidan Alhaji da yamma ba.

Ban ɗora wa salla laifi ba, Allah Ya kiyaye, ban ɗora wa Alhaji ba. Na daɗe ina ɗora wa mutanen tashar, yanzu ƙarfin hakan ma ya ƙare mani. Ina ganin jikokinsu a aiki. Abin da ya fi tara masu kallo shi ke gaba, sauran a cusa su inda aka samu wuri. Yaran unguwa na cika gidan kallo saboda ƙwallon ƙasar da ba za su taɓa takawa ba, filin Sabuwa kuwa mutane ba su ma son bin hanyarsa da yamma. Nakan ce da Inna tana nan, da wayar nan ta yi mata daidai: ta shige ɗaki, ta saki labule, ta kalli ɗanta ba mai ganinta. Sai kuma in tuna sai ta roƙi wani ya kunna mata. To, da mun koma gidan jiya.

A ciwonta na ƙarshe ni ke jinyarta. Wani hantsi ina ba ta kunu, ba zancen da muke yi, sai ta ce, "Yayanki, da hagun yake yi?"

Na ce, "Da hagu, Inna. Da shi ya kayar da na Kankara."

Can ta ce, "Na sha dukan hannun nan yana ƙarami, don ya bari. Ashe bai bari ba." Ta ɗan yi dariya, ta ce in ƙaro kunun.

Abin da ya rage mana ke nan. Ba hoto, ba faifai, akwatin Alhaji ma tuni kaji suka yi ƙwai a ciki. Mace ce da ta zauna Asabar bayan Asabar tana kallon abin da ta raina, don ta ga ɗanta sau ɗaya, kuma da aka zo wurin ba ta iya buɗe baki ba. Ban sani ba ko in yaba mata ko in ji haushinta, na gaji da aunawa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.

Sai bayan sadakar uku na gaya wa Yaya maganar hagun. Ya tashi ya fita. Yanzu ya tsufa, kunne ya yi nauyi, ba ya zuwa kasuwa. Amma duk shekara in lokacin ya zagayo, yakan sa a kawo shi gidana. Mu gaisa, mu yi mata addu'a, ya yi ta jan zancen damina da tsadar shanu. Sai ya tashi tafiya, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya ce, "Mi ma ta ce?"

Ya san amsar sarai. Nakan ɗaga murya in sake faɗa mashi.