Shagon Ba-Hanya Mai Ƙofa Biyu

Ba-Hanya ake ce masa, mai gyaran rediyo. Shagonsa ƙofa biyu ne, ɗaya na kallon titi, ɗaya bayan layi, don haka mutane suka mai da shi hanya. Duk wanda ya ratsa, sai ya ɗago daga kan wayoyinsa ya ce, “Nan ba hanya ba ce!” Tun gashinsa na baƙi yake faɗa, amma bai taɓa rufe ƙofar ba.

Da mai ginin ya sauke bulo zai toshe ƙofar baya, sai Ba-Hanya ya kasa cin abinci. Ya kira autarsa mai karatun dokar ƙasa da ƙasa a jami'a.

“Lauya, ba ke kika ce abin da aka daɗe ana yi yana zama doka ba?”

“Tsakanin ƙasashe, Baba. Kai ƙasa ne?”

“Ke dai faɗa mini.”

Ta ture wata tsohuwar rediyo ta zauna. “Farko yarjejeniya. Kun yi da mai ginin?”

“Gaisawa muke yi.”

“To sai al'ada. Sharaɗinta biyu: a daɗe ana yi, kuma masu yin su yarda haƙƙi ne. Amma wanda ya yi ta ƙi tun farko, ba ta hawa kansa.”

“Wa ya ƙi?”

“Kai mana! Har sunanka ya zama shaida.”

Ya sosa ƙeya. “Wato da na yi shiru da na ci? Amma ai ban rufe ba. Bakina za a bi ko ƙofata?”

“Malamanmu ma suna wannan gardamar.” Ta kalle shi. “Baba, jama'a kake tausayi, ko Umma?”

Ya mai da kansa kan wayoyinsa. Tun rabuwarsu, uwar yarinyar kan ratsa shagon kowace safiya za ta aiki. Wannan tsawar ce kaɗai maganar da ta rage tsakaninsu.

Washegari uwar ta shigo, ta tsallake bulon da ke bakin ƙofa. Ya buɗe baki ya rasa wanne zai ce. In ya ce ba hanya ba ce, ya taya mai ginin. In ya ce hanya ce, ya ƙaryata rabin rayuwarsa.

“Baban Auta, yau ba tsawa?” ta tambaya.

“Ke a ganinki, haƙƙinki ne bi ta nan?”

“Haƙƙi? Ta bakin kantin magani ma ya fi mini kusa.”

Sharaɗi na biyu ya rushe ke nan. Ya kamata ya ji haushi, amma bai ji ba.

“To me ya sa...”

Ta katse shi. “Ƙofar gaban ma za a toshe?”

“A'a.”

Ta gyara mayafi ta fita. Da azahar magini ya gama aikinsa. Ba-Hanya ya jawo benci kusa da ƙofar gaba, ya share shi, yana ta tunanin abin da ake ce wa wanda ya shigo ba don ya wuce ba.